Wakilin Suna a Nahawun Ingilishi da Inda Yake Kayar da Ɗalibi Bahaushe

Gabatarwa

Wakilin suna shi ne kalmar da ke tsayawa a gurbin suna domin a kauce wa maimaita shi, kamar a ce "Audu ya sayi doki, ya hau shi". Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi cewa yaro ya fara karatu da harshen uwa, daga baya a koma Ingilishi. Ashe ke nan yaron da ya tashi a Kademi, cikin ƙasar Gaya, yakan shiga ajin Ingilishi ne da cikakken nahawun Hausa a kansa, kuma yawancin kurakuransa daga nan suke tasowa. Wannan maƙala za ta duba gurabe huɗu.

Jinsi

A Hausa kowane suna tilo ko dai namiji ne ko tamace, ko da ba shi da rai. Akan ce gida ya rushe, riga ta yage. Shi kuwa Ingilishi kashi uku ya yi: "he" na namiji, "she" na tamace, sai "it" na abubuwa da yawancin dabbobi. Da yake Hausa ba ta da takwarar "it", sai ɗalibi ya kira riga "she".

Mutum na biyu

A nan Hausa ta fi rarrabewa, domin tana da kai, ke da ku, alhali "you" ita kaɗai ke ɗauke da su duka. Amma da can ba haka abin yake ba. Ingilishi yana da "thou" na tilo, wadda ake samu a wasannin Shakespeare da fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1611. Asalin "you" na jam'i ne, sai aka riƙa kiran mutum ɗaya da ita don girmamawa, kamar yadda Bahaushe kan ce wa surukinsa "kun tashi lafiya?" A hankali ta ture "thou". Shi ya sa har yau ake cewa "you are" ko da mutum ɗaya ake nufi.

Zagin aikatau

A jimlar "Audu ya tafi kasuwar Gaya" ba ya yiwuwa a cire "ya", domin ita ce ke nuna mutum da jinsi da lokacin aiki. A Ingilishi kuwa lokaci a jikin aikatau yake, kuma in an ambaci suna ba a bin sa da wakilinsa. "Audu went" ita ce daidai. "Audu he went" Hausa ce ta sa rigar Turanci.

Waɗanda ke sauya ma'ana

Bahaushe kan ce "Mun tafi da Audu" alhali su biyu ne rak. In ya mayar da ita "We went with Audu", Bature zai fahimci aƙalla mutum uku ne, don haka "Audu and I went" ce ta dace. Haka nan "an", wadda ke sakaya mai aiki. In aka fassara "An sace akuya" da "They have stolen the goat", sai a tambaya su wa? Abin da Ingilishi ke yi shi ne gabatar da karɓau: "The goat has been stolen".

Kammalawa

Waɗannan ƙananan kalmomi sukan jawo wa ɗalibi asarar maki a jarrabawar Ingilishi, wadda cin ta ke buɗe ƙofar jami'a. Bulala da hadda ba sa maganinsu. Hausawa sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira. Ya kamata malami ya jera wakilan sunan harsunan biyu a kan allo, kafaɗa da kafaɗa, ya nuna wa yara inda suka haɗu da inda suka rabu.