Hawa Babur A Cikin Ruwan Sama: Ganin Hanya Ya Fi Bushewar Riga



Damina ta kankama, ga watan Agusta ya shigo, lokacin marka da ruwa kan wuni yana zuba. Duk wanda ya tsaya a bakin ƙofar makaranta ranar da aka tashi da ruwa ya san yadda muke isowa. Wani mahaifinsa ya goyo shi, wani ɗan acaɓa ya kawo shi, wasu malamanmu kuma a kan nasu baburan. Mai tuƙi ya sunkuyar da kai, na baya ya lulluɓa leda, wata ta buɗe lema. Dukkanmu jiƙewa muke gudu. To amma wanda ya jiƙe zai bushe kafin a tashi. Babban haɗarin shi ne mai tuƙi ya daina ganin gabansa.

Mu yi ɗan lissafi

Babur da ke gudun kilomita 36 a awa ɗaya yana cin mita 10 a cikin daƙiƙa ɗaya. Wannan ba wani gudu ba ne, haka ake tafiya a cikin gari. Idan ɗigon ruwa ya bugi idon mai tuƙi ya runtse na daƙiƙa biyu, ya yi tafiyar mita 20 a makance, wato ya wuce tsawon aji biyu ba tare da ya ga komai ba. A cikin wannan tazara akwai rami, akwai akuya, akwai yaro mai tsallaka titi. Shi ya sa muke cewa a fara kare ido kafin a kare riga.

Hular kwano mai gilashi

Tun ranar 1 ga Janairu, 2009 hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa, wato FRSC, ta fara tilasta sanya hular kwano, har wasu suka riƙa kifa ƙwarya a ka don kauce wa kamu. A lokacin damina hular tana da amfani biyu: tana kare kai idan an faɗi, gilashinta kuma yana tare ruwa daga shiga ido.

Masu hular suna kukan cewa gilashin yana yin hazo daga ciki. Dalilin yana cikin darasinmu na kimiyya. Numfashinmu yana da ɗumi da laima, gilashin kuma ruwan sama ya sanyaya shi. Da zarar numfashi ya taɓa shi sai ya koma ƙananan ɗigo, kamar yadda murfin tukunya ke tara ruwa. Maganinsa shi ne a ɗaga gilashin kaɗan, kamar faɗin ɗan yatsa, don iska ta riƙa shiga. Kafin a fito daga gida kuma ana iya ɗiga sabulun ruwa kaɗan a cikin gilashin, a shafa, a goge da ƙyalle mai laushi har ya yi tas. Sabulun yana hana ruwa dunƙulewa, sai ya baje siriri ana gani ta cikinsa. Masu tabarau ma za su iya yin haka.

Kada a goge gilashi da busasshen ƙyalle alhali akwai yashi a jikinsa, domin zai karce, kuma karcewar ce ke watsa hasken fitilun motoci a ido. A fara wanke shi da ruwa. Baƙin gilashi na rana ne, idan hadari ya haɗu duhu kawai yake ƙarawa.

Yadda za a tsira daga jiƙewa

Rigar ruwa mai haɗe da wando ta fi doguwa mai baza da iska ke kaɗawa. A sa ta kamar yadda ake jera kwanon rufi, na sama yana hawa kan na ƙasa: rigar ta sauko kan wando, ƙafar wando ta rufe bakin takalmi. Idan aka cusa wando cikin takalmi, ruwan duka can zai gangara. A zage zif har wuya, kuma a sa rigar tun hadari na haɗuwa, ba sai an jiƙe ba.

Littattafai kuwa a sa su a leda, a ɗaure bakinta, sannan a saka cikin jaka. A ajiye safa ta biyu a cikin ledar. Wanda ba shi da takalmin ruwa yana iya sa leda a kan safarsa kafin ya sa takalmi.

Lema ba ta hawa babur ba ce. Iska na iya fizgar ta ta karkatar da babur ɗin, kuma tana cinye hannu ɗaya da ya kamata a riƙe da shi. 'Yan uwanmu mata, a tattare hijabi da bakin zane a kan cinya kafin a tashi. Jiƙaƙƙen yadi yana nauyi ya sauko, idan ya shiga sarƙa ko ƙafar baya yana iya finciko mutum ƙasa.

Titi ma yana sauya hali

Farkon saukar ruwa ya fi santsi, domin yana taso da baƙin mai da ƙurar da suka kwanta a kan kwalta. A jiƙaƙƙen titi nisan da ake buƙata kafin a tsaya yakan ninka aƙalla sau biyu, saboda haka a rage gudu, a bar tazara, a kama birkin gaba da na baya tare a hankali, kuma kafin a shiga kwana. Tayar da zanenta ya cinye ba ta iya korar ruwa daga ƙarƙashinta. Bayan an ratsa ruwa a ɗan tattaɓa birki ana tafiya har ya bushe ya dawo kamawa. A kunna fitila ko da rana ne, domin mai mota ma gilashinsa a jiƙe yake.

Kududdufi a kan titi yana iya ɓoye rami ko buɗaɗɗen lambatu. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum. Idan ba a ganin ƙasan ruwa, a sauya hanya ko a jira. Idan ruwa ya yi ƙarfi har ba a ganin gaba, a fake a cikin gini, ba a gindin bishiya ba, saboda tsawa.

Roƙonmu ga malamai

Mu ɗalibai sau da yawa mu ke matsa wa mai babur ya yi sauri, don tsoron kada a rufe ƙofa a hukunta mu. Muna roƙon hukumar makaranta da malaman da ke tsaron ƙofa su riƙa sassauta wa 'yan makara a ranar da aka tashi da ruwa mai ƙarfi. Mu ma kada mu mai da wannan hujjar yin barci. Mu shirya leda da rigar ruwa tun da dare, mu fito da wuri, kuma idan wanda ya goya mu yana gudu da kai a sunkuye, mu ce masa cikin ladabi ya rage ko ya tsaya. Hausawa sun ce sauri kan haifi nawa.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kai mu gida lafiya.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta