Ziyarar Tsaunin Mambila Domin Hutu da Shan Iska: Bayani ga Al'ummar Kankiya da Kusada

Wannan shafi na da nufin yi wa jama'ar ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada bayani game da ziyarar wuraren shaƙatawa da ke kan tsaunuka a ƙasar nan, musamman mazauna karkara irin su Bauranya, da kuma jami'an da ke da alhakin amincewa da tafiyar ɗalibai da ƙungiyoyin matasa. Kamar yadda aka sani, ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, jigawa da fadamu, sai ɗaiɗaikun duwatsu a tsakiyar gonaki. Wanda hawansa bai wuce Dutsen Dala a Kano ko Kufena a Zariya ba, yana iya zaton tsauni dutse ne babba da ake hawa da hantsi a sauko kafin azahar. To, akwai tsaunukan da garuruwa da kasuwanni da makiyaya suke zaune a bisansu, kuma yanayinsu ya sha bamban da namu ta yadda wanda ya je babu shiri zai iya cutuwa.

Mafi tsawo a cikin irin waɗannan tuddai a Nijeriya shi ne Tsaunin Mambila, a Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, wadda hedikwatarta ke garin Gembu. Tsawonsa a tsakaice ya kai kimanin mita 1,600 daga doron teku, alhali yankinmu na tsakiyar Katsina bai wuce mita 500 da ɗoriya ba. Masana yanayi sun tabbatar da cewa duk hawan mita 1,000, zafin iska na raguwa da kusan digiri 6 da rabi a ma'aunin Salshiyas. Idan aka haɗa wannan da yawan girgije da ruwan sama da ciyawar da ta lulluɓe ƙasa, sai a fahimci dalilin da ya sa zafin rana a can da wuya ya haura digiri 25, a lokacin da mu a nan muke fama da digiri 40 a watan Afrilu. Da dare kuwa, musamman a watannin Disamba da Janairu, sanyi ne mai shiga ƙashi.

Sunan ƙaramar hukumar ma yana da tarihi. Yankin yana cikin ƙasar Kamaru ta Arewa da Ingila ta riƙe a matsayin amana, kuma a ƙuri'ar raba gardama ta watan Fabrairun 1961 jama'arsa suka zaɓi kasancewa cikin Nijeriya. Daga nan aka raɗa wa lardin sunan Sardauna domin girmama Sa Ahmadu Bello. Mazauna tsaunin sun haɗa da ƙabilar Mambila, da Kaka, da Fulani, da Hausawa 'yan kasuwa. Fulatanci ne harshen da aka fi mu'amala da shi, amma Bahaushe ba zai rasa mai jin maganarsa a kasuwa ko masallaci ba.

Abin da baƙo zai gani

Abu na farko da ke ɗaukar hankalin mutumin Katsina shi ne ciyawa. Tuddai ne masu santsi, ɗaya bayan ɗaya har iyakar gani, kore shar a mafi yawan shekara, ga garkunan shanu suna kiwo a gangarensu. Rashin ƙudan tsando a saman tsaunin ne ya jawo Fulani makiyaya suka yi kaka-gida a can, kuma duk manomin da ya san wahalar neman harawa da dusa a ƙarshen rani zai daɗe yana kallon waɗannan shanu. Ana noma masara, da dankalin Turawa, da ayaba, da fiya, da gahawa. A garin Kakara akwai gonakin ganyen shayi da aka kafa tun shekarun 1970, inda ake sarrafa shayin nan na Highland Tea da wasunmu suka saba gani a kanti ba tare da sanin daga ina ya fito ba. Ganin yadda ake tsinkar ganyen da hannu, a busar da shi, a niƙa, darasi ne mai amfani ga ɗaliban aikin gona, sai dai a nemi izinin masu kula da wurin tun kafin a isa.

Kusa da ƙauyen Yelwa akwai dajin Ngel Nyaki, ragowar kurmin kan tsauni wanda masu bincike daga jami'o'in Nijeriya da na ƙasar waje ke nazari a cikinsa. A gindin tsaunin kuma akwai Gandun Dajin Ƙasa na Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991, shi ne mafi faɗi a Nijeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa, kuma ofishinsa na garin Serti. A cikinsa ake samun ɓauna da nau'o'in birai, har da manyan biran nan da Turawa ke kira cimfanzi. A gefensa, kan iyakar Kamaru, ƙololuwar Chappal Waddi take, wadda ake kuma kira Gangirwal, mai tsawon mita 2,419, wato wuri mafi tsawo a duk ƙasar nan. Hawanta tafiyar ƙafa ce ta kwanaki, tare da ɗan jagora da ma'aikacin gandun daji, kuma ba mu ganin dacewar a kai yaran firamare ko na ƙaramar sakandare can. Yawon ƙafa a tuddan da ke kewaye da Nguroje da Gembu ya wadatar da mai neman shan iska.

Hanya da abin da ke cikinta

A nan ne ya kamata a fi natsuwa. Daga Kankiya za a bi titin Katsina zuwa Kano, daga Kano a nufi Gombe, a bi ta Kaltungo da Numan zuwa Jalingo. Wannan kaɗai tafiyar yini ce cikakkiya, don haka a kwana a Jalingo. Washegari a yi sammako a bi ta Bali da Serti zuwa Mayo Selbe, inda hawan ke farawa, sannan a ratsa Maisamari da Nguroje kafin Gembu. Duk wanda ya tsara zuwa da dawowa cikin kwana uku, bai tsara hutu ba. A ware aƙalla kwana shida ko bakwai.

Titin hawan yana da kwanoni masu tsanani, dutse a hannu ɗaya, rami mai zurfi a ɗayan, kuma akwai wani ɓangarensa da ya yi suna da Hawa Biyu da Sisi. Direbobinmu sun ƙware a miƙaƙƙen titi, amma da yawansu ba su taɓa sauka doguwar gangara da mota cike da mutane ba. Haɗarin ya fi yawa a saukowa: idan direba ya dogara da taka birki kaɗai, birkin kan yi zafi har ya daina kamawa. Abin yi shi ne a sa mota a ƙaramar giya, injin ya riƙe ta, a riƙa taɓa birki jefi-jefi. Ya fi kyau ma a bar motar gida a Jalingo ko Serti, a shiga ta direbobin hanyar. Bugu da ƙari, hazon tsauni ba irin na hunturu ba ne da muka sani. Girgije ne ke sauka a kan titi, cikin 'yan mintuna a daina ganin gaba. Idan haka ta faru a samu wuri mai faɗi a tsaya, a kunna fitilu. Kada a hau ko a sauka da dare ko kaɗan.

Damina a can doguwa ce, takan fara tun wajen Maris ko Afrilu ta kai Oktoba, kuma ruwan da ake samu ya ninka namu fiye da sau biyu. A lokacin hanyoyin ƙauyuka na yin santsi, ƙasa na iya zaftarewa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne tafiya ta fi sauƙi, wanda ya yi daidai da bayan kaka a wurinmu, lokacin da manomi ya kai amfani gida.

Lafiya da tsaro

A tanadi rigar sanyi mai kauri, da hula, da safa, da bargo, da takalmi mai rufi wanda ba ya santsi. Silifa ba ta hawa tudu. Akwai kuskuren da muke jan kunne a kansa ƙwarai: shiga ɗaki da kaskon garwashi a rufe ƙofa da taga saboda sanyi. Gawayi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, mai barci ba ya farga har ta halaka shi. Masu asma da hawan jini da ciwon zuciya su ga likita kafin tafiya, su kuma riƙe maganinsu da zai ishe su. Tsawon Gembu bai kai wanda ke jawo ciwon ƙarancin iska ba, amma hawan tudu da ƙafa na sa haki, sai a bi a hankali. A ƙasan tsaunin, wajen Bali da Serti, akwai zafi da sauro, saboda haka gidan sauro ya shiga cikin kaya.

Dangane da tsaro, gaskiya ita ce an yi mummunan rikici a tsaunin a watan Yunin 2017 tsakanin manoma da makiyaya a kan filaye, aka rasa rayuka da dukiya. Baƙo ya kame bakinsa daga wannan magana, kada ya ratsa shingen gona ko na kiwo babu sallama, kada kuma ya ɗauki hoton mutane ba da yardarsu ba. A tuntuɓi 'yan sanda da shugabannin tashar mota a kan halin da hanya ke ciki a makon tafiyar, domin labarin bara ba ya isa. Iyakar Kamaru na kusa, kuma Kamaru ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS. Kowa ya riƙe katin shaidar ɗan ƙasa.

Ga jami'an ƙananan hukumomi, da shugabannin makarantu, da masu girma hakimai da dagatai, shawararmu ita ce kada a amince da tafiyar ɗalibai sai an ga takardar yardar iyaye, da sunayen matafiya da lambobin wayar masu kula da su a ajiye a ofishin ilimi, da shaidar an duba birki da tayoyin mota, da kuma adireshin masauki. Idan akwai ɗalibai mata, malama ta raka su.

Ga wanda ƙarfinsa bai kai Mambila ba, Jos ta fi kusa, tana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, ga duwatsun Shere, ga gidan tarihin da aka buɗe a 1952, ga gandun namun daji. Sai dai a hana yara wanka a tafkunan da haƙar kuza ta bari, domin suna da zurfi fiye da yadda ido ke nunawa. Akwai kuma Obudu a Jihar Kuros Riba, wadda ta fara a matsayin gonar kiwon shanu a 1951, aka kafa mata motar igiya mai ɗaukar mutane zuwa saman tsauni a 2005. An sha samun lokutan da motar ba ta aiki, sai a bincika tukuna.

Wasu maziyarta kan dawo da dashe a matsayin tsaraba. Shukar shayi na buƙatar ruwa mai yawa da sanyi da ƙasa mai tsami, ba za ta rayu a jigawar Bauranya ba. Bishiyar zaiti da ta cika tsaunin takan kama a wurinmu, amma tana shan ruwan ƙasa sosai, don haka kada a dasa ta a bakin rijiya ko a fadamar da ake noman rani. Wanda kuma ya yi sha'awar sayo saniya daga can, ya nemi shawarar malamin dabbobi kafin ya haɗa ta da garkensa.