Gara da Hanyoyin Kare Gida Daga Ɓarnarta

Gara ƙaramar halitta ce mai taushin jiki, amma ita ce ta gaskata karin maganar nan da ke cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Takan cinye katakon rufi da na ƙofa, ta shiga rumbu, ta lashe littattafan ɗalibi da fayilolin ofis, ba a farga ba sai aikin gama ya gama.

Kuskuren da akan yi shi ne a kankare ƙasar da ta yaɓa a bango, a fesa magani, a zaci an rabu da ita. Alhali kuwa waɗanda ake gani ma'aikata ne kurum. Tushen yana ƙarƙashin ƙasa ko cikin suri, inda sarauniya take saka dubban ƙwai kowace rana. Muddin tana raye, ɓarna ba ta ƙare ba.

Gara ba ta jure bushewa, shi ya sa take gina rufaffiyar hanya daga ƙasa zuwa abincinta. Saboda haka babban makami shi ne a raba itace da ƙasa, a kuma hana danshi zama a gindin gini. Magabata sun san wannan: sukan ɗora rumbu bisa duwatsu, su yi rufin soro da azarar giginya wadda gara ba ta cika ci ba. A yau ma wajibi ne a gyara famfo da indararo masu yoyo, a tone kututturen itatuwa kafin a aza harsashi, a nisanta itacen girki daga bango, a ɗora takardu bisa kantar ƙarfe.

Idan ta riga ta shiga, sai a nemi ƙwararru. Magungunan da aka dogara da su a da, irin su aldirin da dildirin, yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta haramta su, domin sukan daɗe cikin ƙasa, su cutar da mutum da dabba. Na zamani, kamar fifronil, gara ba ta jin su balle ta guje musu. Ma'aikata sukan kwasa su kai wa 'yan'uwansu cikin gida. Sai dai tilas a kiyaye kada su kusanci rijiya.

A taƙaice, magidancin da ke zagaya gindin bangonsa a farkon kowace damina, lokacin da shinge ke tashi, ya fi mai jiran rufi ya rufto masa.