Sayen Fom Kaɗai Ba Ya Kai Ɗan Talaka Jami'a

Duk shekara, da zarar hukumar JAMB ta buɗe rajista, sai a riƙa jin sanarwar cewa wani ɗan majalisa ko attajiri ko ƙungiyar gari ta saya wa ɗaruruwan 'ya'yan talakawa fom kyauta. Aikin alheri ne, Allah Ya saka musu. Sai dai fom izinin shiga ɗakin jarrabawa ne kawai, ba shi da hannu a abin da yaro zai fito da shi. A sakamakon 2024, kusan kashi 76 cikin 100 na ɗalibai fiye da miliyan 1.8 sun kasa kai maki 200 cikin 400. Wanda ya biya wa yaro kuɗin rajista bai tanadar masa mai koyar da shi ba, mafi sauƙin ɓangaren aikin ya ɗauka. Abin da ɗan talaka ya fi rasa shi ne shiri, kuma shirin nan abu ne da ake koyarwa.

Sai an san fasalin jarrabawar kafin a gane dalili. An kafa JAMB a 1978. A 2010 ta haɗe jarrabawar shiga jami'a da ta kwalejojin fasaha da na ilimi suka zama guda, wato UTME. A 2013 aka fara gwada yin ta da kwamfuta, daga 2015 kuwa aka yi sallama da takarda da fensir. Ɗalibi yana ɗaukar darussa huɗu: Turanci wajibi ne, sauran ukun kuma gwargwadon kwas ɗin da yake nema. Tambayoyi 180 ne, 60 na Turanci, 40 a kowane darasi, a cikin awa biyu. Idan aka raba, kowace tambaya tana da daƙiƙa 40. Ke nan bayan sanin darasi, ana auna saurin karanta Turanci da natsuwa a gaban na'ura, kuma a nan ne halin gidan da yaro ya fito yake bayyana.

A dubi yaron da ya taso daga makarantar gwamnati ta ƙauye, bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar jarrabawa. An buga masa yatsa a ƙofa, an nuna masa kujera, ga agogo a gefen allo yana ƙirga lokaci baya-baya. Ya kama linzami, kibiyar tana gudu ta bar shi, yana tsoron kada ya taɓa wani wuri komai ya goge. Kafin gabansa ya daina faɗuwa mintuna sun tafi, na kusa da shi ya yi nisa. Abin takaici, hukumar ta sauƙaƙa lamarin tuntuni: ana iya amsawa da madannan A, B, C da D, a danna N don wucewa gaba, P don komawa baya, ba sai an taɓa linzami ba. Ba a rage maki don amsar da ba daidai ba, saboda haka barin tambaya babu amsa asara ce tsantsa. Wannan bayani bai kai na rabin awa ba, amma wanda ba a faɗa masa ba zai biya kuɗinsa da maki. Jarrabawar gwaji da hukumar take shiryawa tana taimakawa, sai dai zama ɗaya ne, kuma da kuɗinta.

Wasu tun kafin ranar sun riga sun faɗi. Kowane kwas yana da darussan da ake haɗa masa: mai son likitanci sai da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, mai son injiniya sai da Lissafi da Fiziks da Kemistiri, mai neman lauya kuma yawancin jami'o'i suna bukatar Adabin Turanci. Yaron da babu wanda ya taɓa shiga jami'a a gidansu yakan bar wa ma'aikacin cibiyar rajista zaɓin, shi kuwa layi ne a gabansa, sauri yake yi. Sai yaro ya ci maki mai kyau a darussan da ba su dace da kwas ɗinsa ba, shekara ta tafi a banza. Haka batun lambar NIN da aka wajabta tun 2021: idan suna ko ranar haihuwa sun saɓa da na takardar WAEC ko NECO, gyaran yakan ci kuɗi da watanni. Malamin da ya zauna da ɗalibansa ya bi musu kundin kwasa-kwasai na hukumar kafin rajista ya yi musu abin da yayye da iyaye masu boko suke yi wa nasu a gida.

Babban tsauni dai Turanci ne, domin in ban da darussan harsuna irin su Hausa da Larabci, da shi ake tambayar komai. Ɗalibi yana iya gane ka'idar Kemistiri sarai idan an yi masa bayani da Hausa, amma ya kasa gano abin da tambayar take nufi cikin daƙiƙa 40. Don haka malami mai basira ba ya jin nauyin warware darasi da harshen da yaro ke tunani da shi, sannan ya dawo da shi kan tambayoyin Turanci yana riƙe da agogo. Littafin labarin da hukumar kan sanya, kamar The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli da aka yi shekaru ana karantawa, dama ce ta horar da karatu. A karanta shi a aji babi-babi, a tattauna, maimakon a raba taƙaitaccen bayaninsa a ce a haddace.

Akwai masu cewa duk wannan koyar da dabarar cin jarrabawa ce, ba ilimi ba. Suna da gaskiya a kan irin lesin da ake zaunar da yara su haddace amsoshin tambayoyin shekarun baya. Amma laifin na hanyar ne. Tsohuwar tambaya a hannun malami na ƙwarai abin gano ciwo ce: idan yaro ya zaɓi amsar da ba ita ba, a tambaye shi dalili, sai a tarar tun ƙaramar sakandare bai gane raba lamba ba, a koma can a gyara. Wannan ilimi ne, kuma zai bi shi har jami'a. Sannan 'ya'yan masu hali sun daɗe suna samun wannan horo a makarantun kuɗi ba tare da kowa ya ce an ɓata su ba. Hana shi ga ɗan talaka da sunan kare martabar ilimi rashin adalci ne, yana kuma tura wasu hannun 'yan damfara masu alkawarin satar amsa ko ƙara maki.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: lesin wata uku ba zai gyara ɓarnar shekara goma sha biyu ba. Haka ne, kuma babu lesin da zai maye gurbin gyaran firamare. Abin da wannan ke nunawa shi ne a fara da wuri, tun aji biyu na babbar sakandare, a haɗa shirin da na WAEC da NECO, tunda ko yaro ya ci 300, idan babu kiredit biyar da jami'a ke bukata, babu gurbi. Yaran da ke ajin ƙarshe bana kuwa ba za a ce su jira sai an gyara tsarin ilimi ba.

Wasu kuma sun dogara da cewa Arewa tana da kaso. Gaskiya ne a jami'o'in tarayya ana ware kashi 45 cikin 100 na gurabe ga cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin zamani. Amma kason na jiha ne, ba ya tambayar abin da uban yaro yake samu. A cikin 'yan jiha ɗaya ma takara ake yi, kuma wanda ya yi makarantar kuɗi a birni shi zai riga ɗan manomi. Mafi ƙarancin makin da ake sanarwa, 140 a 2024 da 150 a 2025 ga jami'o'i, ƙofar waje ce kawai. Likitanci da lauya da injiniya suna neman abin da ya fi haka nesa ba kusa ba, ga kuma tantancewar da jami'o'i suke yi da kansu.

Saboda haka mai niyyar taimako ya raba kuɗinsa. Ya rage yawan fom idan ta kama, ya biya malamai alawus na kirki, ya yi yarjejeniya da wata cibiyar kwamfuta yara su riƙa zuwa gwaji kowane mako, ya tanadi kuɗin mota. A sanya darasin da rana, a wurin da iyaye suka amince da shi, don kada 'yan mata da yaran da ke taya iyayensu sana'a su zama su ne aka bari. Idan sakamako ya fito kuma, ya nemi a kawo masa sunayen waɗanda suka samu gurbi, domin da wannan lissafin ne zai san ko taimakonsa ya isa inda ya nufa.