Yara Masu Buƙata Ta Musamman A Makarantun Gwamnati: Haƙƙinsu Na Rubuce, Wa Zai Karɓo Musu?

Yau maganar tamu a kan yara masu buƙata ta musamman ce a makarantun gwamnati, da kuma abin da iyayensu za su iya yi domin a gyara musu karatu. Kada ka ce ai ni ba ni da irin wannan yaron. Ka duba layinku da kyau, akwai gidan da ake da shi, sai dai wataƙila ba a fito da shi.

Mu fara da su wane ne waɗannan yaran. Da an ce masu buƙata ta musamman, hankalin yawancinmu kan tafi wajen makafi da kurame da guragu. Suna ciki, amma abin ya fi haka faɗi. Akwai yaron da sanƙarau ko ƙyanda ta rage masa ji, yana ajin amma rabin maganar malam wuce shi take. Akwai wadda ba ta hango allo sai ta matso gaba. Akwai mai otizim, da mai lalurar Down, da mai farfaɗiya. Akwai kuma mai kaifin ƙwaƙwalwa wanda haruffa ke rikice masa idan ya zo karatu, ana ta zane shi ana kiransa daƙiƙi. Hukumar UNICEF ta ƙiyasta a 2021 cewa yara kusan miliyan 240 ne a duniya ke da wata nakasa, wato kusan ɗaya cikin goma. To a ajin firamare mai yara tamanin ko ɗari, irin waɗanda muke gani a biranenmu, ka yi lissafin da kanka.

Me doka ta ce? Nan ne mutane da yawa ba su da labari. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta kafa hukumar UBEC, ta ce karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne ga kowane yaro. Kowane yaro fa aka ce, ba a ware kurma ko makaho ba. A 2010 Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa. Sannan a watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa wariya. Dokar ta ba su ilimi kyauta har zuwa sakandare. Ta ce makarantun gwamnati su buɗe musu ƙofa, su tanadi ma'aikacin da aka horar domin kula da karatunsu, da kayan aikin da suke buƙata. Ta ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara yadda mai keken guragu zai iya shiga, wa'adin da ya cika a farkon 2024. Mutumin da ya nuna wariya kuwa, tarar naira dubu ɗari ce ko wata shida a gidan yari, ko duka biyun. Jihohi irin su Filato da Legas da Kaduna da Kano da Jigawa ma suna da nasu dokokin.

Maganar kuɗi fa? Gwamnatin tarayya na ware wa UBEC kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarta, kuma a cikin wannan kuɗin an keɓe kashi 2 cikin 100 domin ilimin masu buƙata ta musamman, wanda ke zuwa jihohi ta hannun hukumomin SUBEB. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, amma akwai shi. Tambayar ita ce, iyaye nawa ne suka taɓa tsayawa suka ce a nuna musu abin da aka saya da shi?

Yanzu mu sauko ƙasa mu ga zahiri. Muna da makarantu na musamman, kamar ta Tudun Maliki a Kano, da ta Abdulrashid Adisa Raji a Sakkwato, da makarantar makafi ta Gindiri a Filato wadda ta faro tun 1953. Sun yaye mutane da yawa, ba a raina aikinsu ba. Amma jiha guda mai miliyoyin mutane, makaranta ɗaya ko biyu za ta ɗauke ta? Uwar da ke ƙauye, wace mota za ta hau kullum ta kai ɗanta birni? Shi ya sa tsarin ilimi na ƙasa ya karkata ga a koyar da yaron a makarantar unguwarsu tare da sauran yara, a kawo masa taimakon da yake buƙata. Sai dai fa a kula. Idan aka zaunar da kurma a aji babu mai fassara masa da hannu, an rubuta sunansa a rajista ne kawai, karatu bai same shi ba. Don haka hanyoyin biyu duk ana buƙatarsu, gwargwadon lalurar yaro.

To me ya sa muka ce iyaye? Saboda duk inda aka ga sauyi a wannan fanni, za ka tarar da iyaye a gaba. A Amurka, ƙungiyar iyaye ce ta kai gwamnatin jihar Fensilbaniya ƙara a 1971 saboda an hana ’ya’yansu makaranta, kuma suka yi nasara. Shekara huɗu bayan nan, a 1975, majalisar ƙasar ta yi dokar da ta wajabta wa makarantun gwamnati karɓar kowane yaro mai nakasa. Kafin nan yara kusan miliyan ɗaya ne aka bari a gida. A nan Najeriya ma, Rose Mordi, uwa ce mai ’ya da lalurar Down, ita ta kafa gidauniyar masu wannan lalura a Legas. Kwamishina zai zo ya tafi, hedimasta za a yi masa canjin wurin aiki, amma uwa tana nan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga yadda ake bin abin, mataki-mataki.

Na farko, a san lalurar yaron. A kai shi asibiti a gwada ji da gani, a karɓi takarda. Addu'a da magani ba sa faɗa da juna, amma shekarun da ake ɓatawa ana cewa sammu ne ko aljanu, su ne shekarun da yaro ya fi saurin koyon magana ko maganar hannu. Wannan takardar ita ce makaminku a duk ofishin da za ku shiga.

Na biyu, kada uwa ta tafi ita kaɗai. Mutum ɗaya ana sallamarsa da "ku dawo gobe". Iyaye goma da jerin sunayen yara da shekarunsu da lalurar kowanne, sai an ba su kujera. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku, a shiga kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, da ƙungiyar iyaye da malamai. A SBMC akwai mai unguwa da wakilan mata da na matasa da malaman addini, kuma a nan ake tsara abin da makaranta za ta gyara a shekara. Idan babu mai magana da yawun waɗannan yara a wurin, fenti da katanga za su cinye kuɗin.

Na huɗu, a nemi abu takamaimai, a rubuce. "A taimaka wa nakasassu" ba buƙata ba ce da wani zai iya sa wa hannu. Ku ce a yi gangara a ƙofar aji uku, a faɗaɗa ƙofar banɗaki, a dawo da wance layin gaba, a ƙara wa wane lokaci a jarrabawa, a turo malami mai horo na musamman. Malaman nan akwai su. Kwalejin ilimi ta tarayya da ke Oyo aikinta ke nan, Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos kuma suna da sashen ilimi na musamman. Wasu sun gama suna zaune ba aiki, wasu an tura su koyar da wani darasi dabam. Wasu daga cikin buƙatun nan ko sisi ba sa ci.

Na biyar, a bi tsani. Daga hedimasta sai sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, sai SUBEB, sai ma'aikatar ilimi, sai kwamitin ilimi na majalisar jiha, musamman lokacin da ake aikin kasafin kuɗi a ƙarshen shekara. Kowace takarda a yi kwafi biyu, a sa a buga hatimin karɓa a kan naku. Idan an toshe, akwai hukumar kula da masu nakasa ta ƙasa da aka kafa a 2020, akwai hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, akwai ƙungiyar JONAPWD mai rassa a jihohi. Kuma dokar ’yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ku damar rubuta wa UBEC ku tambayi nawa aka tura wa jiharku, a ba ku amsa cikin kwana bakwai.

Gaskiya akwai abin da ke riƙe iyaye, bai kamata mu ɓoye ba. Akwai kunya, akwai gorin dangi da na kishiya, akwai talaucin da ke sa a ga bara ta fi makaranta saurin kawo abinci. Kuma sau da yawa uwa ce ke ɗauke da nauyin ita kaɗai. Iyaye maza, ku fito. A ofisoshinmu har yanzu maganar uba ta fi saurin shiga. Sannan kada a mai da malami abokin gaba. Mutumin da aka ba yara ɗari da alli guda, ba a koya masa rubutun makafi ko maganar hannu ba, shi ma a matse yake. Ku jawo shi jiki, takardarku za ta fi nauyi idan da sa hannunsa.

Mu matasa kuma ga namu aikin. Iyaye da yawa ba sa iya rubuta takardar koke, mu mun iya. Mu rubuta musu, mu raka su ofis, mu karanta kasafin kuɗin jiha mu fassara musu, mu kira gidajen rediyo a shirye-shiryen da ake buɗe layi. Amma kada mu ɗora hoton ɗan wani a Facebook ko TikTok ba da yardar iyayensa ba, mutuncin yaron ya fi yawan masu kallo. Ranar 3 ga Disamba ce ranar masu nakasa ta duniya, jami'ai na son a gan su a wurin taro, to ranar ce ta miƙa takarda a gaban jama'a.

Aikin wannan makon ga shi: ka leƙa firamaren unguwarku, ka tambayi hedimasta yara nawa masu buƙata ta musamman ke cikin rajista, ka kuma duba ko mai keke zai iya shiga aji da banɗaki. Amsar da ka samu, ka kai wa iyayen da abin ya shafa, daga nan za a fara rubuta takarda ta farko.