Matakalar da 'Yarki Ta Gani a Fim Tana Nan a Tokiyo

Uwargida, in 'yarki na kallon fina-finan zane na Japan, da wuya ba ta san "Your Name" na 2016 ba. Matakalar nan mai jan ƙarfen dafawa da aka rufe fim ɗin da ita ba ƙirƙira ba ce. Tana unguwar Yotsuya a Tokiyo, jikin wurin bautar Suga, tafiyar kamar minti 10 daga tashar jirgin ƙasa.

Sai dai unguwar jama'a ce, kuma matakalar hanyarsu ce ta kullum. Ki je da sassafe, ki kwaɓi yara kan hayaniya, a yi hoto a ba mutane wuri.

Mararrabar Shibuya, wadda ta fito a "Lost in Translation" na 2003, ita ce abin tsoro ga mai yara. Fitila na ba da hannu, mutane za su kwararo ta kowace kusurwa. Riƙe hannun ɗanki gam, ki sa masa takarda mai lambar wayarki a aljihu. A Yuli da Agusta zafin garin da gumi yake zuwa, yaro kan galabaita bai ce komai ba, don haka kada gorar ruwa ta bar jakarki.

In lokacin salla ya yi, masallacin Tokyo Camii na kusa da tashar Yoyogi-Uehara.