Yadda kuskuren sakan ɗaya ke lalata binciken taurari

Idan dare ya tsala a Dakoro da ke arewacin jihar Maradi, kuma babu ƙurar hunturu, taurari kan cika sararin sama, har Kaza da 'Ya'yanta ta fito ɓaro-ɓaro. Irin wannan duhu na Sahel masana taurari ke nema ruwa a jallo. Sai dai ko an samu duhun, aikin kan tashi a banza idan ba a san ainihin lokacin da kyamara ta ɗauki kowane hoto ba.

An ga muhimmancin hakan a Senegal ranar 4 ga Agustan 2018. Masu bincike na shirin New Horizons na hukumar NASA ta Amurka, tare da 'yan ƙasar irin su Maram Kaire, sun baza na'urorin hangen nesa domin kallon wani curi mai suna Arrokoth, da ke can bayan duniyar Pluto, yayin da yake gittawa ta gaban wani tauraro.

Curin bai wuce tsawon kilomita 36 ba, inuwarsa kuma na gudun fiye da kilomita 20 a sakan guda. Tauraron kan ɓace ne kamar ƙiftawar ido, kuma daga tsawon ɓacewar ake lissafa girman curin da siffarsa. Kuskuren kashi ɗaya cikin goma na sakan kan karkatar da awon da kusan kilomita 2.

Sau da yawa daga manhajar da ke sarrafa kyamarar matsalar ke fitowa. Wata kan rubuta lokacin da hoto ya iso kwamfuta, alhali kyamarar ta riga ta gama karɓar haske. Wata farkon ɗauka take rubutawa, wata ƙarshensa. Shi kansa agogon kwamfuta yakan zame a hankali.

Shi ya sa masu binciken suka yi amfani da kyamarori masu GPS, waɗanda ke buga wa kowane hoto lokacinsa kai tsaye. Da kumbon New Horizons ya isa kusa da Arrokoth ranar 1 ga Janairun 2019, ya tarar da curi biyu manne da juna, kamar yadda irin wannan awo daga ƙasa ya nuna tun farko.

Ga matashin Dakoro mai sha'awar wannan fanni, duhun dare yana nan kyauta. Abin da ya rage masa shi ne madubin hangen nesa da kyamarar da agogonta bai saɓa ba.